HAMSHETU MAIGA, ƊIYAR MALI DA TA YI SUNA DA ƘWALLON KWANDO

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin wata ɗiya mace ta ƙasar Mali, maƙwabciyarmu. Sunanta Hamshetu Maiga. An haife ta a Bamako cikin shekara ta 1978. Sana'ar da ta yi suna da ita, ita ce ƙwallon kwando.

Mine ne ƙwallon kwando? Wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 5 cikin fili. Da hannu ake yin shi, ba da ƙafa ba. Ana rataya kwando marar gindi a bisa, tsawon mita 3 da santimita 5. Wanda ya jefa ƙwallo ciki ya ci maki 2. In daga nesa ya jefo, maki 3 ne.

Hamshetu ta haɗa wasa da karatu. Ta tafi Amurka, ta shiga babbar lakkol da ake kira Old Dominion. Can tana karatu, tana yi wa lakkol ɗin wasa. A 2002 ƙungiyar garin Sakaramento ta ɗauke ta aiki cikin babbar gasar mata ta Amurka. Wasa ya zama sana'a, ana biyan ta albashi. A 2005 ƙungiyarta ta ci kofin gasar. Ta kuma yi wasa a ƙasashen Turai.

Amma ba ta manta da gida ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 2007 an yi gasar matan Afirka a Dakar. Matan Senegal sun daɗe suna cin wannan kofi, ga shi kuma a gidansu ake wasan. Duk da haka matan Mali suka kada su a wasan ƙarshe. Karo na farko ke nan da Mali ta ci kofin. Aka zaɓi Hamshetu gwanar gasar duka. A 2008 suka tafi wasannin Olimpik a Pekin, ƙasar Sin. Can ba su ci wasa ko guda ba, amma sun buɗe hanya.

Na baya sun bi sawu. Daga 2009, ƴan matan Mali masu ƙasa da shekara 16 suka yi ta cin kofin Afirka, gasa bayan gasa. A 2021 masu ƙasa da shekara 19 suka zo na 4 a duniya, a ƙasar Hungari.

Sai dai hanyar ba ta rasa ƙaya ba. A wannan shekara ta 2021, wasu ƴan mata suka kai kuka cewa mai koya musu wasa yana neman su da lalata. Hukuma ta kama shi. Saboda haka uwaye ba su yi laifi ba in sun tambayi wane ne ke kula da ɗiyansu, da inda ake kai su. Maganin abin shi ne sa ido, ba tsare ɗiya cikin gida ba.

Jama'a, mu duba. Da an hana Hamshetu lakkol tun tana ƙarama, wa zai san sunanta? Ba kowace ɗiya za ta kai Amurka ba. Amma wadda ta yi karatu za ta karanta takardar likita, ta yi lissafin kuɗin gyaɗarta da kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In lokacin rubuta yara ya zo, kada a bar ɗiya mata a baya.