Faso da Kumburin Sanyi a Lokacin Ɗari

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busa a ƙasar Boɗinga da Shagari, har da asuba ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. A wannan lokaci cuta biyu kan kama ƙafa da hannu, jama'a kuwa ba su cika bambanta su ba.

Ta fari ita ce faso, watau tsagewar diddige saboda bushewar fata. Maganinsa wankewa da ruwan ɗumi, da shafa man kaɗanya, da sa takalmi.

Ta biyu ita ce kumburin sanyi. Ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi da laima kamar Ingila, amma a nan ma yana iya samun wanda ya jiƙe da asuba. Sanyi yakan tsuke ƙananan jijiyoyin jini na yatsu. In aka kara yatsun ga wuta nan da nan, sai jijiyoyin su buɗe farat ɗaya, ruwa ya tsattsafo cikin nama, wurin ya kumbura.

Alamunsa sukan bayyana cikin awa 12 zuwa 24: ƙaiƙayi, da raɗaɗi, da kumburi a yatsu ko gefen kunne, wurin kuma ya yi duhu. Galibi yakan warke da kansa cikin mako 1 zuwa 3.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mata, da ramammu, da masu shan taba, da masu sa matsattsen takalmi. Haka nan masu ban-ruwan albasa a fadama, da masunta, da almajiran da ke kwana a zaure ba mayafi.

Kada a sosa wurin, kada a yi masa tsaga. A tsane shi, a rufe da zane, ya ɗumama sannu a hankali. Mai ciwon sukari ko kuturta kada ya kusanta ƙafa ga wuta, don yana iya ƙonewa bai ji ba. In wurin ya fashe ko ya yi mugunya, a kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba, kada ya zama gyambo.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su rubuta wa dagatai wannan bayani, daga Sifawa da Dancadi har Kajiji da Dandin Mahe, a yi shelarsa ranar kasuwa tun ɗari bai kankama ba.