Yadda Magana Ke Fitowa

Magana iska ce wadda aka sarrafa. Daga huhu take tasowa, ta biyo ta maƙogwaro. A can akwai waɗansu tantani guda biyu, in iska ta ratsa tsakaninsu sai su dinga karkarwa kamar tsirkiyar garaya, murya ta fito. In yaro ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ce "zzz", zai ji motsinsu. In ya ce "sss", sai ya ji tsit.

Daga nan sai aikin baki. Leɓɓa su haɗu su rabu, a sami "b". Tsinin harshe ya taɓa bayan haƙoran sama, a sami "t". In an rufe baki iska ta bi ta hanci, sai "m". Wasula kuwa, wato a, e, i, o, u, ba abin da ke tare musu iska.

Wajen faɗin "k" iskar huhu ce ke fita. Wajen "ƙ" kuwa, maƙogwaro yakan rufe, ya tunkuɗo 'yar iskar da ke cikin baki. Bambancin kaɗan ne, amma ɗalibin da ya yi sakaci da shi, sai ya kira baƙin gidansu baki, a yi masa dariya.