Yaron Mota Da Maigidansa: Ina Iyakar Haƙuri?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Tsafe da Gusau ba zai rasa ganin manyan motoci a bakin titi a garin Yankara ba, cikin ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, dab da iyakar Zamfara. Wasu suna jiran lodin masara ko dawa, wasu kuwa gyara ne ya tsayar da su. Da zarar mota ta ja birki, tun direba bai kashe inji ba, za ka ga wani saurayi ya diro da waigi a hannu ya tokare tayar baya. Wannan shi ne yaron mota, wanda bakin jama'a ya saba kira karen mota, kuma shi ne direban gobe.

A da, jirgin ƙasan da ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a shekarar 1929 shi ke kwashe auduga da gyaɗar wannan yanki. Da harkar jirgin ta ja baya, sai nauyin ya koma kan manyan motoci. Amma har yau yawancin masu jan su ba a aji suka koya ba, a hannun wani direba suka tashi. Yaro yakan fara da wankin mota, da ɗaure tamfol, da duba ruwan lagireto da baƙin mai, da cire taya in an yi faci, da kwana a gindin mota yana gadin kaya. Sai an daɗe kafin a bar shi ya matsa da mota cikin tasha, balle ya hau titi da ita. Ba takarda, ba wa'adi. Ranar da zai kama sitiyari tana hannun maigidansa.

A nan ne wahalar take. Akwai maigidan da ba ya magana sai da tsawa, akwai mai zagi har ya haɗa da iyaye, akwai mai saurin hannu. Matsalar tsaro ma ta ƙara wa abin zafi. A watan Agusta na 2021, alal misali, Gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga. Direban da ke sauri ya wuce daji kafin magariba ba shi da sukunin koyarwa, kuma kan yaronsa yake huce fargabarsa.

To, abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa shi ne, tsanani iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aikin kansa ya jawo. Birkin babbar mota da iska yake aiki, saboda haka wanda ya ja ta kafin iska ta cika tanki ya ɗauki ajalinsa a hannu. Wanda ya shiga gangara da babbar giya yana ta taka birki, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Wanda ya manta waigi a kan tudu, mota za ta gangara da kayanta. Maigidan da ya daka tsawa a kan ɗayan waɗannan ba ƙiyayya ya nuna ba, domin kuskure guda yana iya cin rayuka da dukiyar wani. Irin wannan faɗa ana karɓarsa da haƙuri. A yi shiru lokacin da rai ya ɓaci, in an isa masauki an ci abinci, sai a tambaya cikin ladabi a ji inda aka kuskure. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Na biyu kuwa zalunci ne tsantsa. Maigidan da ke dukan yaro da ƙarfe, ko ya hana shi kuɗin abinci, ko ya riƙe shi shekara da shekaru ba tare da ya nuna masa giya ko ɗaya ba don kada ya rasa mai yi masa bauta, wannan ba malami ba ne. Mafi muni shi ne wanda ke koya wa yaro shan ƙwaya wai don kada barci ya ɗauke shi, ko ya miƙa masa mota cike da kaya cikin dare shi ya koma baya ya kwanta. Haƙuri da wannan ba biyayya ba ce, ganganci ne.

Yaron da ya sami kansa cikin wannan hali kada ya yi fito-na-fito da maigidansa a kan hanya, kada kuma ya gudu ya bar mota a daji, domin wannan zai ɓata masa suna a kowace tasha. Ya bari a dawo gida, ya sanar da wanda ya kai shi, uba ne ko kawu. In abin ya faskara, a je ga shugabannin tasha. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana da rassa a tashoshi, kuma dattawanta sun san halin kowane direba. Sauya maigida ta hannun manya ba abin kunya ba ne.

Haka nan ya kamata mai koyo ya san cewa yardar maigida ba ita ce lasin ba. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, hanyar samun lasin ta ƙara tsari, kuma yanzu sai mutum ya bi ta makarantar tuƙi da hukumar ta amince da ita, an jarraba shi, kafin a ba shi sabo. Wanda ya yi karatu ko da na firamare ne, ya riƙe shi da kyau, domin da shi zai karanta alamun hanya da takardun kaya. A Zariya ma akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, wadda aka buɗe a 1986, mai horar da ma'aikatan sufuri.

Sauran aiki yana kan manya. Uban da zai ba da ɗansa ya bincika halin direban kamar yadda zai bincika mai neman 'yarsa, a kuma yanka wa'adi a gaban shaidu. Shugabannin ƙungiya su riƙe littafin sunayen yaran mota, da ranar da kowa ya fara. Ma'aikatan ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa masu kula da matasa su tuna cewa wannan ma sana'a ce kamar kafinta da ɗinki.

Direbobi kuwa, kowannensu ya taɓa ɗaukar waigi. Yaron da aka koya wa tuƙi da zagi, da zagi zai koyar, kuma a kan titin da mu duka muke bi zai huce haushinsa. Allah Ya kiyaye hanya.