Takardar Shaidar Gini Mai Kiyaye Muhalli: Ma'anarta, Amfaninta da Iyakarta

1. Gabatarwa

Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2021 gine-gine, tun daga aikin gina su har zuwa zama cikinsu, su ne suka haddasa kusan kashi 37 cikin 100 na iskar kabon da duniya ta fitar ta hanyar makamashi da masana'antu. Damuwa da wannan al'amari ta girmi rahoton da nisa, domin tun 1990 wasu ƙasashe suka fara ba gine-gine takardar da ke shaida cewa sun rage ɓarna.

A cikin wannan ƙasida za mu bayyana abin da takardar take aunawa, da amfanin da muhalli da ƴan kasuwa ke samu daga gare ta, da inda ƙarfinta ya tsaya. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa babban aikin takardar shi ne ta sa wanda bai ga gini ba, kamar banki ko mai haya, ya yarda da shi har ya sa kuɗinsa. Daga ƙarshe za mu duba abin da wannan yake nufi ga ginin ƙasa a Nijar.

2. Batun kalmomi

Turanci da Faransanci suna kiran irin wannan gini da sunan launi, watau kore. A Hausa kuwa kalmar kore, ko tsanwa, ba ta ɗauki wannan ma'ana ba, kuma wanda ya ji an ce koren gini, fenti zai nema a jikin bango. Saboda haka ga kalmomin da za mu yi aiki da su:

(1) gini mai kiyaye muhalli: ginin da ke cin makamashi da ruwa da kayan gini ƙasa da takwarorinsa, ba tare da an tauye jin daɗin mazauna ba;

(2) ginin gwaji: gini na yau da kullum, mai girma ɗaya da aiki ɗaya a wuri ɗaya, wanda ake auna sabon ginin da shi;

(3) takardar shaida: takardar da wata hukuma, wadda ba ita ta yi ginin ba, take bayarwa bayan bincike;

(4) lambar yabo: kyautar da alƙalai ke ba gini ɗaya da suka zaɓa cikin masu takara.

Wajibi ne a bambanta (3) da (4). Lambar yabo ta gwani guda ce, alhali takardar shaida duk ginin da ya cika sharuɗɗa yana iya samun ta, ko da sun kai dubu. Haka kuma a bambanta (3) da izinin gini na ma'aikatar magajin gari: izini tilas ne, takardar shaida kuwa galibi ganin dama ce.

3. Manyan tsare-tsare

Tsari na farko shi ne BREEAM, wanda cibiyar binciken gini ta Ingila ta fitar a 1990. A Amurka, ƙungiyar da aka kafa a 1993 domin wannan harka ta fara gwada LEED a 1998. A Faransa an kafa ƙungiyar HQE a 1996, aka fara ba gine-ginen ofisoshi da makarantu takardarta a 2005. Ostireliya ta fitar da Green Star a 2003, Afirka ta Kudu ta daidaita shi da yanayinta a 2008.

Hanyar awon ta bambanta. LEED maki yake bayarwa: a bugun 2009 da wanda ya biyo shi, jimillar maki 110 ne, ana samun shaida ta farko da maki 40, azurfa da 50, zinariya da 60, filatinam da 80. Ana tara makin daga fannoni kamar wurin ginin, ruwa, makamashi, kayan gini da ingancin iskar cikin ɗaki. HQE, a tsarinta na asali, buri 14 ta jera, ta kasa su gida huɗu: aikin gini, gudanar da gini, jin daɗi, da lafiya.

Waɗannan tsare-tsare an yi su ne a ƙasashe masu arziki, kuma cika takardunsu yana buƙatar ƙwararru masu tsada. Shi ya sa IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da ƴan kasuwa, ya fito da EDGE a tsakiyar shekarun 2010 domin ƙasashe masu tasowa. Sharaɗinsa ɗaya ne mai rassa uku: a rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na makamashi, kashi 20 na ruwa, da kashi 20 na abin da ƙera kayan ginin ya ci, idan an gwada da ginin gwaji. Ana yin lissafin da manhaja ta kyauta a intanet. Mai bincike mai zaman kansa yana duba zane kafin gini, sa'an nan ya je ya duba ginin bayan an gama, kafin a ba da takarda ta ƙarshe.

4. Amfani ga muhalli

Amfanin ya kasu kashi biyu. Na farko ya shafi zama cikin gini. A ƙasa mai sanyi, ɗumama ɗaki ke cin makamashi. A ƙasa mai zafi, sanyaya shi. Matakan da takardun ke ƙarfafawa sanannu ne: a juya gini yadda manyan tagogi ba za su fuskanci gabas da yamma ba, a yi musu inuwa, a sa rufi mai haske da ke mayar da rana, a sa abin da ke tare zafi ƙarƙashin kwano, a bar wa iska hanyar shiga da fita, a sa fitilu da famfuna masu tsimi. Kowane mataki yana rage aikin na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa na'urar takan fi kome shan kuran a ofishi.

Na biyu ya shafi kayan gini, kuma a nan siminti ne kan gaba. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu mai zafin digiri 1450. Iskar kabon tana fita ta hanya biyu: daga man da aka ƙona, da kuma daga dutsen kansa yayin da zafi ya narka haɗinsa. Don haka ko da an samu wuta mai tsabta, kashi na biyun yana nan. Siminti kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Wannan ɓarna an riga an yi ta tun kafin kowa ya kwana cikin ginin, kuma ba tsimin da zai dawo da ita.

5. Amfani ga ƴan kasuwa

Amfani na fili shi ne ragowar kuɗin kuran da na ruwa a ƙarshen wata. Amma wannan ragowa daga ginin take fitowa, ko da takarda ko babu. To, mene ne takardar kanta take ƙarawa?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Matsalar ita ce ingancin gini ba ya ganuwa a ziyara ɗaya: mai haya ba ya ganin abin da ke bayan rufi, ma'aikacin banki ba ya auna zafin ɗaki a watan Afrilu. Mai gini ya sani, mai biya bai sani ba, kuma kowane mai gini yabon ginin nasa yake yi. Takardar shaida tana tsayawa a matsayin idon wanda bai gani ba. Daga nan riba uku ke fitowa.

Ta farko farashi ce. A 2010, Eichholtz da Kok da Quigley sun buga binciken da suka yi kan gine-ginen ofisoshi kusan 10,000 a Amurka. Sun tarar cewa masu takardar LEED ko Energy Star hayarsu ta fi ta maƙwabtansu da kusan kashi 3 cikin 100. In an lissafa da yadda ba sa daɗewa babu mai haya, bambancin ya kai kashi 7. Farashin sayarwa kuwa ya fi da kusan kashi 16. Sun kuma nuna cewa ƙarin yana tafiya tare da yawan makamashin da ginin ke tsimi.

Ta biyu bashi ne. Tun da Bankin Zuba Jari na Turai a 2007 da Bankin Duniya a 2008 suka fara sayar da takardun lamuni na musamman domin ayyukan muhalli, masu zuba jari suke neman hujjar cewa kuɗinsu ya tafi inda aka ce. Takardar shaidar gini tana cikin hujjojin da suke karɓa. A Kolombiya, a 2016, IFC ya sayi irin waɗannan takardu na Bancolombia, shi kuma bankin ya riƙa ba masu gine-gine masu takardar shaida bashi da ruwa mai sauƙi.

Ta uku kariya ce daga dokokin gobe. A Faransa, dokar 2019 ta wajabta wa gine-ginen ofisoshi da kantuna masu faɗin murabba'in mita 1000 ko fiye su rage cin makamashi da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, kashi 50 kafin 2040, kashi 60 kafin 2050. Wanda ya riga ya gina da tsimi, gyaran da ke jiransa kaɗan ne.

6. Iyakar takardar

Akwai iyaka uku da ya kamata a lura da su. Ta farko, mafi yawan takardun lissafin zane suke shaidawa, kuma abin da mita za ta nuna bayan shekara yana iya bambanta. A 2009, Newsham da abokan aikinsa a Kanada sun duba gine-ginen LEED guda 100. Sun ga cewa a matsakaici suna cin makamashi ƙasa da takwarorinsu da kashi 18 zuwa 39 cikin 100, amma kashi 28 zuwa 35 daga cikinsu sun fi takwarorin nasu ci. Halin mazauna da kula da na'urori suna da nasu rabo.

Ta biyu, tsarin maki yana ba da damar rama wani fanni da wani. Ana iya tara maki masu arha, kamar na wurin ajiye kekuna, a bar masu wuya.

Ta uku ita ce ginin gwaji. Kashi 20 cikin 100 na mene ne? Idan ginin gwaji bene ne na gilashi mai shan kuran dare da rana, wanda ya rage masa kashi 20 zai samu takarda, alhali har yanzu ya fi soron ƙasa ci nesa ba kusa ba. Takardar tana auna ragi ne, kuma ragi ya dogara ga abin da aka faro daga gare shi.

7. Ginin ƙasa a Nijar

Wannan iyaka ta uku ce ta kawo mu gida. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi bayan sa'o'i, shi ya sa zaure ke da sanyi da tsakar rana. Tubali ba ya shiga tanderu, kuma galibi ba ya tafiya mai nisa. A ma'aunin kayan gini da na sanyaya ɗaki, magina sun daɗe suna yin abin da takardun ke nema.

Duniya ta san da haka, amma ta hanyar lambar yabo. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya samu lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar Tawa ɗin, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji; aikin ya samu lambar azurfa ta gidauniyar LafargeHolcim a 2018. A Yamai, gidaje shida na Niamey 2000, da aka gama a 2016, da irin wannan bulo aka yi su. Tun farkon shekarun 1980 kuma aka fara koyar da gini ba itace a Cikal, domin rage saran giginyar da ake yin azara da ita.

Sai dai lambar yabo ba ta buɗe ƙofar banki ga magini na dubu da ɗaya. A idon mai ba da bashi, gidan siminti jingina ne, gidan ƙasa kuwa abin shakka, kuma shakkar tana da tushe: ambaliyar 2020 da ta 2024 sun rusa gidajen ƙasa masu yawa a Nijar. Takardar muhalli ba ta shaida ƙarfin tushen gini ko juriyar bango ga ruwa. Wannan aikin ƙa'idar gini ne, kuma shi ne ya kamata ya riga.

Batun kuran ma ya ƙara wa zancen nauyi. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agusta na wannan shekara, mazauna benayen siminti da rufin kwano sun ga bambancin ɗakin da ke da sanyin kansa da wanda ke aron sanyi daga na'ura.

8. Kammalawa

Mun ga cewa amfanin muhalli daga ginin yake fitowa, amfanin kasuwa kuwa daga yardar da takarda ke haifarwa. A Nijar akwai ginin da ya cancanta, abin da ya yi ƙaranci shi ne awo rubutacce da banki zai karɓa. Muna ganin aiki uku suna gaba: a auna zafin ɗaki da cin kuran a gidajen ƙasa da na siminti a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai har tsawon shekara, a tsayar da ƙa'idar tushe da yaɓe da indararo wadda za ta kare ginin ƙasa daga ruwa, a kuma rubuta sharuɗɗan da harshen da magina ke aiki da shi. Aiki na ukun ya shafi sashenmu kai tsaye, domin kalmomi kamar makuba, azara, bakan gizo da ɗaurin guga suna bakin magina, amma babu su cikin manhajar da ke lissafa kashi 20 cikin 100.