Ciyawar maƙabarta ba duka ce ƙazanta ba

Duk watan Yuni, tun daga shekarar 2021, jama'a a Ingila da Wales kan shiga maƙabartun da ke harabar coci-coci da littafi da alƙalami, suna ƙirga tsirrai da ƙwari da tsuntsayen da suka gani. Ƙungiyar Caring for God's Acre, mai kula da tsofaffin maƙabartu, da haɗin gwiwar Cocin Ingila da wasu, su ke shirya taron. Idan irin wannan labari ya iso mana, abin da akan ce shi ne Bature ya ƙoshi ya rasa aikin yi, ko kuma sun yi watsi da iyayensu har daji ya cinye kaburbura. Duka biyun kuskure ne.

Dalilin abin a fili yake. Tun daga shekarun 1930 Birtaniya ta yi asarar kusan kashi 97 cikin 100 na filayen ciyawa masu furannin daji, saboda noman zamani da gine-gine. Harabar coci kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru garma ba ta shige ta ba, ba takin zamani, ba feshi. Tsiron da ya ɓace a gonakin ƙauye sai a same shi a can, tare da bushiya da jemage da ƙudan zuma. Kuma ba sakin wurin suke yi ba: ana yanke hanyoyi da gefen kaburburan da ake ziyarta, a bar tsohon sashe ya yi fure ya zubar da iri, sannan a yanke a ƙarshen lokacin zafi a kwashe. A Berlin ma, binciken da aka yi a maƙabartar Yahudawa ta Weissensee, wadda aka buɗe a 1880, ya gano nau'in halittu sama da 600 a tsakiyar birni.

To amma abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar al'adar coci ce kaɗai, alhali hujjojin da suka fi ƙarfi daga maƙabartun Musulmi suka fito. Wasu masanan tsirrai daga Jami'ar Debrecen ta ƙasar Hungary sun zaga maƙabartu 300 a Turkiyya, suka wallafa sakamakonsu a 2015. Sun samu nau'i 86 na furen okid, kusan rabin duk wanda ƙasar take da shi. Wannan fure yana da ɗan tushe kamar ƙaramin dankali, wanda ake tonowa a busar a daka a yi garin salep, abin sha na lokacin sanyi, kuma shi ke ba askirim ɗin garin Marash danƙonsa. Tono ya yi wa furen illa ƙwarai a duwatsu da makiyaya. A maƙabarta ne hannun mai tono kan yi nauyi, ko da yake can ma ba a rasa marasa tsoro.

Haka abin yake a arewacin Maroko. Matafiyi zai bi tuddai da awaki suka kiwace ƙarƙaf, kwatsam sai ya hango kurmi mai duhu, a tsakiyarsa farar ƙubbar wani waliyyi da kaburbura kewaye. Masana irin su Ulrich Deil na Jamus sun yi shekaru suna nazarin waɗannan wurare, domin su ne suka rage da za su nuna yadda dajin yankin yake kafin gatari da kiwo su gama da shi. Ba gandun gwamnati ba ne, ba mai gadi da bindiga. Kunyar matattu ce kawai ta hana a sare. A Habasha kuwa dubban coci-cocin Orthodox ne ke zaune cikin irin wannan kurmi, inda mai binciken daji Alemayehu Wassie ya jagoranci kewaye wasu da katangar dutse don shanu su daina cinye ƙananan itatuwa. Dabarar ke nan gaba ɗayanta: katanga.

A nan ne maganar ta shafe mu. Wanda ya taɓa raka gawa tsohuwar maƙabartar gari ya san abin da ido ke gani: kuka da tsamiya da aduwa da suka girmi unguwar, magarya wadda da ganyenta ake wankan gawa, kurciya a reshe, damo ya ruga cikin rami. Waiwaya bayan katanga, sai bulo da kwano iya ganinka. Amma da an ce za a yi gayyar gyaran maƙabarta, sai a zo da ashana da maganin feshi. Wuta ta lashe ciyawa har saiwa, ta babbake gindin itatuwa, ƙasa ta zama tsirara. Ruwan farko na sauka sai zaizaya ta fara, kabari ya rufta, itacen da aka jera a ciki ya bayyana, a koma ana kukan damina ta yi ɓarna. Saiwar da ke riƙe ƙasar ai mu muka ƙone ta. Idan kuma an tashi dashe, darbejiya ce kawai, baƙuwar da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, kamar ba mu da kurna da marke da ɗorawa.

Masu cewa duhuwa na ɓoye macizai da ɓata-gari suna da gaskiya, kuma masu haƙar kabari, da yawansu dattawa ne da ba su da albashin kirki, su ne ke taka wurin kullum. Maganin wannan lauje ne da adda, da hanyoyi a share, da fitila, da ƙofa mai mukulli, da biyan mai gadi haƙƙinsa. Ba sai an mayar da wurin fako ba. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya kafa ɗanyen reshen dabino a kan wasu kaburbura biyu. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin da za a ciro, wannan fagensu ne, amma dai zai yi wuya a kafa hujja da addini wajen banka wa maƙabarta wuta.

Babban laifin yana wuyan hukuma. Ƙananan hukumomi da kwamitocin maƙabartu sun iya fitowa da kwanon bara idan katanga ta faɗi, amma sukan yi gum idan aka gutsiri gefen fili aka yi shaguna, ko masu yin gawayi suka sare tsamiyar da ta shekara ɗari. Majalisun jihohi su sa sare itace a maƙabarta cikin laifuffukan da ake ci tara. Sassan nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Abdou Moumouni a Yamai suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. A tura su maƙabartar Dandolo da makamantanta, da izinin masu unguwa da limamai, su rubuta kowace bishiya da sunanta da kaurin gindinta, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin hakimi.