Maraɗi da garuruwan bakin hanya: kwalta, baƙi da ruwan sama

A shekarar 1945 ne gulbin Maraɗi ya yi ambaliyar da ta cinye tsohon gari da ke cikin kwari. Dole jama'a suka hau tudu, inda birnin yake a yau. Tsibirin Gobir ma haka ta same ta. Wannan tarihi ya kamata magabata su riƙa tunawa da shi duk lokacin da aka zo maganar sababbin hanyoyi da masaukan baƙi.

Babu mai musun albarkar hanya. Babbar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Runji, ta wuce Agye da Gazawa zuwa Damagaram, ita ce jijiyar kasuwancin jahar. Mutanen Cadakori kuma hanyar Dakoro ce ke kai geronsu da wakensu da bisashensu kasuwar Maraɗi. Daga kudu ga layin dogo mai tsawon kilomita 284 da Najeriya ta aza harsashinsa a 2021, daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara zuwa, fatake da masu yawon buɗe ido za su ƙaru, domin akwai abin gani: hawan sallah a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir, tabkin Madarumfa da kusheyin waliyyansa, da filin kokowa.

Sai dai kwalta ba ta shan ruwa. Duk titin da aka shimfiɗa ba tare da magudana ba, ruwansa gidajen talakawa yake nufa. Bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamban 2015 ya bar wa birnin tituna da gine-gine, amma daminar 2024 ta nuna sauran aiki: jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje a ƙasar nan. Sanadin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ana rabon fulotai a kan hanyar ruwa, ana ɗibar yashi a bakin gulbi, ledoji sun toshe lambatu duk da dokar 2014 da ta hana su.

Maganin ma a gida yake. Tun 1983 manoman jahar suka kama sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona maimakon a sare shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan aiki, har masana daga ƙasashen waje ke zuwa ganin gawo da sabara da suka dawo. Abin da manomi ya yi ba da kuɗin kowa ba, ma'aikatar magajin gari ba ta da hujjar kasa yin sa a gefen titi.

Cadakori, Gazawa da Gidan Runji suna da sauran dama, tun da ba su cika ba tukuna. Kafin a yanka fili don tasha ko masauki, a fara sanin inda ruwa ke bi, a bar masa hanyarsa, a shuka itace. Ɗan kasuwar da zai sayi fuloti ya tambayi tsofaffin unguwa, ma'aikacin da zai sa hannu a takarda ya je ya ga wurin da damina. Gyaran magudana ya fi sake gina gari araha.