Rezonans da Natsuwar Ayon Inolet

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana dalilin da ya sa haidurojin da ke kan karbon alfa, wato karbon da ke maƙwabtaka da rukunin kabonil (C=O), yake da sauƙin cirewa. Ma'aunin pKa na itan (CH₃CH₃) ya kai kimanin 50, amma na asiton (CH₃COCH₃) bai wuce kimanin 20 ba. Ƙanƙantar wannan adadi ita ce alamar ƙarfin asid.

2.0 Bazuwar Caji

Idan alkali ya fizge firoton daga itan, tagwayen ilektaron da suka rage sai su taru a kan karbon ɗaya, ba su da mafita. A asiton kuwa, ilektaron ɗin kan bazu a kan atom uku: karbon alfa, da karbon kabonil, da oksijin. Saboda haka muke zana ayon inolet da siffa biyu:

⁻CH₂–CO–CH₃ ↔ CH₂=C(O⁻)–CH₃

Siffa ta biyu ta fi rinjaye, domin oksijin ya fi karbon ƙarfin jan ilektaron: 3.4 da 2.6 a ma'aunin Linus Pauling, wanda ya shimfiɗa ra'in rezonans a farkon shekarun 1930. Gwargwadon natsuwar ayon, gwargwadon sauƙin sakin firoton. Hujja a nan ita ce asitilasiton, inda karbon alfa yake tsakanin kabonil biyu: cajin ya sami oksijin biyu, sai pKa ya sauko zuwa kimanin 9.

3.0 Kuskuren da Ya Kamata a Kiyaye

Ɗalibai kan ɗauka cewa ayon yana kai-da-komo ne tsakanin siffofin nan biyu. Ba haka ba ne. Siffarsa ɗaya ce tak, kamar yadda alfadari ba ya kwana doki ya wayi gari jaki. Kai-da-komo na gaskiya yana tsakanin kiton da inol, inda atom ɗin haidurojin ke sauya mazauni. A rezonans babu atom da ke motsawa.

4.0 Kammalawa

Ko da yake mafi yawan cajin yana kan oksijin, inolet ya fi ƙulla sabon ɗauri ta karbon alfa, kamar yadda ake gani a haɗin aldol da Wurtz ya bayyana a 1872. Don haka muna ba malamai shawarar su fassara rezonans da "bazuwar ilektaron", su guji duk kalmar da ke nuna jujjuyawa, domin ɗalibin da ya riƙe ma'anar da ba daidai ba zai rikita inolet da inol.